Kafin A Zuba Kankare: Duba Gini A Zangon Kumasi

Duk wanda ya ratsa unguwar Ashanti New Town, wadda mutanen Kumasi suka fi kira Ash-Town, ya gangara cikin Zango, idonsa ba zai rasa cin karo da abubuwa biyu ba. Na farko shi ne gidajen da aka zuba wa rufin kankare aka bar rodi tsaitsaye a bisansu suna kallon sama, alamar cewa maigidan bai gama magana ba, yana jiran ranar da Allah zai hore masa ya ɗora bene. Na biyu kuwa shi ne jan fenti a jikin bango, rubutun ma'aikatan hukumar birni, mai umartar a dakatar da aiki a kawo takardar izini. Wannan jan rubutu ya yi tasiri a zukatan mutanenmu ƙwarai, har ya kai da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa duk abin da hukuma take nema ga mai gini shi ne takarda. Da zarar ta shigo hannu sai a kai ta ƙasan adaka, a yi hamdala, a ce an rabu da masu jan fenti.

Muna so mu yi magana da iyalanmu a kan abin da yake biyo bayan takardar, wato zuwan sufeton gini ya duba aikin da idonsa mataki bayan mataki. Muna kuma yin maganar ne har da 'yan'uwanmu na Yamai da Maraɗi da Lome da Abijan, da waɗanda suke Italiya da Jamus da Amurka, domin yawancin benayen da suke tashi a Zango yau da guminsu ake ɗora su, alhali kuwa su ne suka fi kowa nisa da wurin aikin.

A ranin shekarar 2023 mun halarci wani al'amari a wani gidan gado da ke kusa da mu. Kakan gidan bafataken goro ne, ya gina shi irin ginin da, ɗakuna jere kewaye da tsakar gida. Magada suka yi shawara a rushe sashen gaba a tayar da bene, shaguna a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Ɗansu da ke ƙasar waje yana aiko da kuɗi, mahaifiyarsa kuwa, dattijuwa mai ido a kan komai, ita take tsaye a kan aikin. Sun bi hanya yadda ya kamata, an yi zane, an biya abin da ake biya, izini ya fito. Da aiki ya kai ga zubin kankaren sama, sai magini ya zo mata da magana ranar Alhamis.

"Hajiya, jibi Asabar za mu zuba. Na kama injin kwaɓa, na gaya wa yara, yashi da tsakuwa suna ƙofa."

"To Malam, mai dubawa fa? Yaron nan ya ce kada a rufe komai sai an gani."

"Haba Hajiya, ai takarda tana hannunki. Shekara nawa ina wannan sana'a? In muka tsaya jiran mutanen ofis, kuɗin injin ya tafi a banza."

Hajiya ta ce ta ji, amma a jira. Sufeto ya zo ranar Talata, ya hau kan katako da zanen ginin a hannu. Abin da ya gani bai ɗauke shi rabin sa'a ba. A inda zane ya ce a sa rodi mai kaurin milimita 16 a cikin ginshiƙan da za su ɗauki benen, an sa mai 12. Zobban da suke ɗaure rodin an ware su nesa da juna fiye da yadda aka zana. Ragar rodin da aka shimfiɗa kuma tana kwance kai tsaye a kan katako, babu 'yan duwatsun siminti da ake sawa a ɗaga ta. Ya rubuta, ya ce a gyara ya dawo. Aikin ya yi jinkirin kwana tara, an sake sayen rodi, an yi ɓacin rai, har maginin ya yi fushi ya ɗauke ƙafa kwana biyu. Ba mu ce ya yi niyyar cuta ba, domin wataƙila abin da ya saba yi ke nan a gidajen da ba su da bene, kuma ba su faɗi ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, da an zuba ranar Asabar, da babu mahalukin da zai sake ganin wannan rodi, sai fa ranar da ginin ya tona kansa.

Asalin tsoron mai dubawa

Kafin mu zargi mutanenmu da gudun hukuma, ya kamata mu tuna inda abin ya samo asali. Zangon Kumasi ya bunƙasa ne a farkon ƙarni na 20, bayan Turawan Ingila sun kama ƙasar Tonawa, fataken goro da na shanu daga ƙasar Hausa da Mosi da Gwanja suka yi ta sauka suna kafa gidaje. A shekarar 1924 annobar da ɓeraye suke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi, kuma Zango ne ya fi jin jiki. Maganin da Turawa suka ga ya dace shi ne rushe gidajen da suka ce sun cunkushe, da gina sabon Zango a kan layi. A shekarar 1925 aka kafa hukumar kula da lafiyar jama'a ta Kumasi, wadda ta riƙe al'amarin tsabta da tsarin gine-gine. Daga nan ne kakanninmu suka san duba-gari, wanda a nan ake kira tankas ko samansaman, mutumin da yake shiga gida ba sallamar kirki, ya leƙa randa, ya rubuta sammaci. Wanda ya tashi yana jin cewa ma'aikacin hukuma ba ya zuwa sai da tara ko rusau, ba abin mamaki ba ne in ya girma yana ganin hikima ce a gama aiki da dare kafin a sani.

Sai dai duba aikin magini ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A biranen ƙasar Hausa akwai Sarkin Magina, wanda yake da iko a kan masu sana'ar, kuma sunan Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau bai ɓace ba. Maginan ƙasa sun san ba a ɗora sabon layin tubali sai na ƙasa ya sha iska. Bambancin shi ne ginin ƙasa yana yi wa mai shi gargaɗi, ya tsage, ya zubar da yaɓe, a gyara kafin damina. Kankare ba ya wannan kara. Yana iya yin shekara goma fes da fenti, alhali cikinsa ya riga ya lalace.

Abin da ake dubawa, da lokacin da ake dubawa

A Gana ikon ba da izinin gini yana hannun majalisun gundumomi da na birane. Dokar mulkin ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta hana kowa yin gini ba tare da rubutaccen izini ba, ta kuma ba majalisa ikon tsayar da aikin da ya saɓa wa izinin ko rushe shi, a kuma karɓi kuɗin rusau daga hannun mai ginin. A wannan shekarar ce aka yi dokar tsara amfani da ƙasa mai lamba 925. Ash-Town tana ƙarƙashin majalisar birnin Kumasi, wato KMA, amma mai karatu ya lura, tun 2012 aka yanke Asokore Mampong ta zama majalisa mai zaman kanta, kuma Aboabo da Asawase da Sawaba can suka koma. Haka nan a 2018 aka sake fitar da Tafo da Suame da Oforikrom da Asokwa da Kwadaso. Mun ga wanda ya yi mako biyu yana zarya a ofishin da gidansa ba ya cikin hurumin sa.

Ƙa'idojin gini na ƙasa na 1996, masu lamba 1630, su ne suka fayyace matakan dubawa dalla-dalla. Sun wajabta wa mai izini ya sanar da hukuma a rubuce, aƙalla sa'a 48 kafin ya fara aiki, ya kuma faɗi ranakun da kowane mataki zai kasance a shirye. Ana farawa daga shata fili da inda ginin zai zauna, sai awon harsashi, da haƙa shi, da zuba masa kankare. Sai ramukan magudanar ruwan ƙazanta da bututun da aka shimfiɗa a ciki. Sai rodi bayan an ɗaure shi kafin a zuba, sai lokacin cire katakon da ya tallafi kankare, sai bango idan ya kai inda rufi zai zauna, sai katakon rufi kafin a buga kwano. Jigon abin duka jimla ɗaya ce: kada a rufe wani aiki sai an gan shi an amince. A 2018 aka ƙaddamar da kundin ƙa'idar gini na Gana, a 2022 kuma sababbin ƙa'idoji masu lamba 2465 suka maye gurbin na 1996. Saboda haka wanda zai yi gini yau, ranar da ya karɓi takardarsa ya nemi sashen ayyuka na majalisa su rubuta masa matakan da za a zo dubawa, da sunan ofishin da zai kai sanarwa.

Idan aka dubi wancan jeri da kyau, za a ga kusan kowane mataki yana gab da lokacin da wani abu zai ɓuya. Harsashi zai shiga ƙasa, bututu zai shiga ƙasa, rodi zai shiga kankare, katako zai shiga ƙarƙashin kwano. Abin da ya rage a fili, kamar fenti da tayil da ƙofofi, maigida da kansa yana iya ganin aibinsa ya sa a sake. A nan ne kuma muke kashe yawancin hankalinmu, muna jayayya a kan launin bango, muna barin abin da rayukan yara suka rataya a kansa ga amanar mutum ɗaya.

Bari mu ɗan tsaya a kan rodi da kankare, domin a nan ne mafi yawan ɓarna take. Kankare yana da ƙarfin jure danniya, amma ba ya jure ja, shi ya sa ake sa masa ƙarfe. Injiniya yana ƙididdige kaurin rodi da yawansa gwargwadon nauyin da zai hau kai, kuma bambancin da ido yake rainawa babba ne: rodi mai milimita 12 bai kai kashi 60 cikin 100 na naman ƙarfen da ke cikin mai 16 ba. Waɗancan 'yan duwatsun da ake ɗaga raga da su kuwa, aikinsu shi ne su bar kankare ya lulluɓe ƙarfen ta kowane gefe. In babu su, danshi zai kai ga rodi, ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. A gari irin Kumasi mai damina biyu a shekara, wannan ba ya ɗaukar dogon lokaci. Sannan ga kwaɓi. Leburori suna son ƙara ruwa domin kankare ya yi saurin gudu a cikin katako, ruwan da ya wuce kima kuwa yana rage masa ƙarfi. Bayan an zuba, yana bukatar a riƙa shayar da shi ruwa kwanaki, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka zana. Mai hayar katako yana matsa lamba a cire a kai wani aikin, maigida yana son ya ga an fara jera bulo a sama, sai a taru a ɗora wa ɗanyen kankare nauyin da bai isa ɗauka ba.

Ginin da yake cin shekaru

Akwai wata matsala da ta fi shafar Zango fiye da unguwannin masu hali. Mu ba ma gini a tashi ɗaya. Bana a yi harsashi, baɗi a kai linta, a tsaya sai an aurar da yarinya ko an sauke farali, bayan shekara shida a dawo. A tsakanin nan magini ya canja sau uku, wanda ya san abin da ke ƙasa ya rasu ko ya koma gida, rodin da aka bari a sama ya sha ruwa ya yi ja. Ƙa'idojin 1996 sun sa wa izini wa'adin shekara 5 ne a bisa al'ada, in aiki bai ƙare ba a nemi sabuntawa. Da yawa daga cikin takardun da ke cikin adakokinmu sun daɗe da mutuwa, masu su ba su sani ba. Kowa ya buɗe tasa ya duba kwanan wata.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ɗora bene a kan tsohon gida. Iyali sun yi yawa, fili a tsakiyar Kumasi ya yi tsada, babu wanda yake son barin unguwar da aka binne cibiyarsa, sai a ce a hau sama. Amma harsashin da kaka ya haƙa domin ɗaki da kwano ba a yi shi domin ya ɗauki kankare da bulo da tankin ruwa da mutum talatin ba. Haka nan izinin da aka bayar na hawa ɗaya bai haɗa da na biyu ba, ko da sunan gida da lambar fili ba su canja ba. A irin wannan hali sai injiniya mai rajista ya haƙa gefen harsashi ya gani, ya faɗi ko zai ɗauka, ko sai an kafa sababbin ginshiƙai masu tushen kansu. Tun 2011 akwai dokar da ta kafa majalisar kula da aikin injiniyoyi a Gana, kuma ba rashin kunya ba ne a tambayi mutum shaidar rajistarsa.

Ƙasar nan ta ga abin da sakaci yake haifarwa. Ranar 7 ga Nuwamba 2012 benen kantin Melcom da ke Achimota a Akara ya rufta, mutum 14 suka rasu, daga baya hukumomi suka ce ginin ba shi da izini, masana kuma suka ce kankarensa ba shi da ƙarfi. A watan Oktoba 2020 wani ginin coci a Akyem Batabi, a jihar Gabas, wanda aka shafe shekaru masu yawa ana ɗora shi kaɗan-kaɗan, ya faɗi a kan masu ibada, mutum 22 suka mutu. Wannan na biyun ya fi kama da irin gininmu.

Ba za mu ɓoye ba, laifin ba na masu gida kaɗai ba ne. Sufetocin gini ba su da yawa idan aka kwatanta da yadda birni yake faɗaɗa, kuma ba kullum suke da abin hawa ba. Akan kai sanarwa a yi ta jira. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, inda mai gini yake miƙa ɗan abin shan ruwa domin a sa hannu ba tare da an hau katako ba. Ra'ayinmu a nan ba shi da kwana: wanda ya biya domin kada a duba ginin da 'ya'yansa za su kwana a ciki, ya sayi makanta da kuɗinsa. In sufeto ya yi jinkiri, a koma ofis da kwafin sanarwar mai hatimin ranar da aka karɓa, a kuma kira injiniyan da ya yi zanen ya zo ya gani ya rubuta. Wanda yake ƙasar waje ya sa a ɗaukar masa hoton rodi da ma'auni a jikinsa kafin a zuba, ba hoton bango bayan an shafe shi ba. Kuma kada a biya magini kuɗin wani mataki gaba ɗaya sai an ga sa hannun mai dubawa a kan wanda ya gabata. Maginin kirki ba ya ƙin wannan, domin shi ma kariya ce gare shi ranar da aka zo neman wanda za a ɗora wa laifi.

Matakin farko a jerin nan, wato shata fili, shi ne wanda aka fi rainawa, kuma shi ne ya fi haddasa gaba tsakanin maƙwabta. A lungunan Zango taku ɗaya ma dukiya ce. Wani ya ci hanya da barandarsa, wani ya toshe kwatar da ruwan gidaje biyar yake bi, wani ya buɗe tagar bene tana kallon tsakar gidan maƙwabci inda mata suke aiki. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan irin wannan, har wani magini na Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-ginen da ake jayayya a kansu a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini. Idan sufeto ya zo ranar da aka ja igiya, aka kira maƙwabta suka tsaya, gyaran bai wuce a zare turke a matsar da shi ba. Bayan bango ya tashi kuwa, sai dai kotu ko gaban Sarkin Zango, kuma mun san zumuncin da ya mutu a kan ƙasa da kamu biyu. Waɗanda suke kusa da rafin Aboabo da na Subin sun fi kowa sanin inda ruwa yake komawa idan aka tare masa hanya.

Akwai dubawa ta ƙarshe, wadda ake yi bayan an gama, a ba da takardar shaidar cewa gida ya isa a zauna a ciki. Kaɗan ne daga cikinmu suke nemanta, saboda yawanci ba a gama ginin ake tarewa. Maigida yana karɓar kuɗin haya na shekara biyu a gaba, duk da cewa dokar haya ta 1963 ba ta yarda a wuce wata shida ba, ya sa 'yan haya a ƙasa, ya ɗauki kuɗinsu ya ci gaba da zuba kankare a bisa kawunansu. Mai neman ɗaki yana da haƙƙin ya tambaya ko an duba ginin, ko da yake mun san wanda ya sha wahalar neman wurin kwana a Kumasi ba kasafai yake da bakin tambaya ba. Nauyin yana wuyan mai gidan.

Gidan Hajiya dai an zuba shi bayan sufeto ya dawo ya ga gyara, aka bar katako a ƙarƙashinsa mako uku tana sa jikokinta suna watsa masa ruwa safe da yamma. Ta sayi wani ɗan fayil mai roba inda take tara zanen ginin, da takardar izini, da rasiɗin rodi da siminti, da kowace takarda da mai dubawa ya sa wa hannu. Shagunan ƙasa suna rufe har yanzu, duk da masu zuwa da kuɗi a hannu, domin kuɗin rufi bai iso ba tukuna, kuma ta ce babu wanda zai shiga sai an duba katakon sama.